Yadda Ake Kwana a Bakin Dam ɗin Tiga a Yi Fatsa

Wanda ya saba yin fatsa a kududdufin bayan gari ko a rafin ƙauyensu, in ya tsaya bakin Tiga karon farko sai ya rasa ta inda zai fara. Ruwa ne iya ganinka, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 178. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano, ruwa ya hau kan gonaki da dazuzzuka da duwatsu ya rufe su. Wannan tarihin shi ne abu na farko da mai fatsa zai riƙe, domin duk abin da ruwan ya rufe yana nan a ƙasa har gobe: kututturan itatuwa, tsofaffin kwaruruka, tudu da gangare. Can kifi yake taruwa, can ƙugiya take maƙalewa, kuma can ne mutum zai taka ruwa iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya ji babu ƙasa. Baƙo ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masuntan wurin ne suka san su, shi ya sa duk shirin da zan zayyana a nan ya rataya ne a kansu.

Lokacin tafiya

A ganina babu kamar ƙarshen kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Dam ya cika, hadari ya ɗauke, ruwa bai yi sanyi ba tukuna, kifi na cin abinci sosai. Bayan shi sai ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sa'ad da sanyi ya fara sakin gari amma zafin bazara bai kankama ba. Tsakiyar hunturu akwai daɗin zama da rana, sai dai kifi yana yin nauyin baki in ruwa ya yi sanyi, musamman karfasa, ga dare mai shiga ƙashi. Damina kuwa ban ba kowa shawarar kwana ba. Hadari a kan buɗaɗɗen ruwa ba ya sallama, gaɓa tana zama taɓo, ruwa kuma na iya hawowa cikin dare.

Kafin ka bar gida

Kada ka tafi kai kaɗai. Mutum uku zuwa biyar ya yi daidai, kuma a ce akwai aƙalla guda da ya iya ruwa sosai. Ku gaya wa na gida inda za ku da ranar dawowa. Daga Kano titin Zariya ake bi, a wuce Kura, sannan a ratse ta wajen Bagauda zuwa Tiga, tafiyar da ba ta wuce kimanin kilomita 70 ba. Ku fita da sassafe. Dalilin ba nisa ba ne, aikin da ke jiranku can ne yake son hasken rana.

Abin da ya fi komai nauyi a kayanku ruwa ne, ko da yake bakin ruwa za ku. A lissafa wa kowane mutum lita 4 zuwa 5 na sha a yini, a ƙara na girki da na alwala. Jarka biyu masu lita 25 za su riƙe mutum huɗu kwana biyu in an yi tattali. Zan faɗi dalilin da ya sa ba a dogara da ruwan dam nan gaba.

Wajen kwanciya, in akwai tanti mai raga to madalla. In babu, tamfol babba da igiya da turaku sun isa, amma gidan sauro dole ne, kowa da nasa. A haɗa da tabarma, bargo, rigar sanyi, hular rana, takalmi rufaffe, tocila da batir na ajiya, da abin cajin waya. Na girki: kurfoti da gawayi ko ƙaramin risho, tukunya, wuƙa mai kaifi, gishiri da yawa, yaji, mai, albasa, da lemon tsami. Ku riƙe abincin da zai ƙosar da ku ko da ba a kama komai ba, irin su garin kwaki da ƙuli-ƙuli, burodi, shinkafa, dabino da kayan shayi. Sai ɗan akwatin magani: bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol, da sinadarin gishiri da sukari saboda gudawa. A sa filaya a ciki, za ta yi aiki fiye da yadda ake zato.

Ka fara da mutane kafin ruwa

Da kun isa, kada ku zarce gaɓa. Ku nemi gidan mai gari ko mai unguwa, ku gaisa, ku ce a haɗa ku da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta na wurin. Ɗan goro ko abin goro a hannu ya wadatar. Magana ba ta buƙatar tsawo: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Kano. Mun zo yin fatsa kwana biyu, muna neman izini, kuma a taimaka mana da wanda zai nuna mana wuri." Abin da kai ma za ka so baƙo ya yi maka ke nan in ya zo gonarka.

Ku tambayi abu huɗu a nan. Na farko zaman lafiyar yankin, domin dajin Falgore yana kudu da dam ɗin, kuma halin tsaro yakan sauya daga wata zuwa wata. In suka ce kada a kwana a waje, to magana ta ƙare: a yi fatsa da rana, a kwana cikin gari. Yana da kyau ku leƙa ofishin 'yan sanda ko na 'yan sintiri su san da zamanku. Na biyu, ruwa hawa yake ko sauka. Ruwan Tiga shi ke ciyar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da sakinsa, saboda haka bakin ruwan yana matsawa bisa ga buɗe ƙofa da rufe ta. Na uku, ina aka shimfiɗa kalli (ragar kamun kifi) da mari-mari (dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa), don kada zarenku ya sarƙe da kayan sana'ar wani. Na huɗu, ina ne ba a zuwa. Jikin madatsar, da mashigar ruwa, da babbar hanyar ruwa ta siminti duk ku nisance su. Gefen simintin nan santsi gare shi, ruwan na gudu da ƙarfi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa.

Ku yi ciniki da masunci guda ya zauna da ku ko da yinin farko ne, a yanke kuɗin tun kafin a tashi. Babu kuɗin da za ku kashe a tafiyar nan da ya kai wannan amfani.

Kafa masauki

A gama wannan kafin la'asar. Ku duba gaɓa za ku ga layin shara da busasshiyar ciyawa da ruwa ya bari a inda ya taɓa kaiwa. Masauki ya kasance sama da layin nan, a kan tudu mai tauri, nesa da bakin ruwa da kamar taku 50. Kusa da ruwa akwai sauro da danshi. Kada a sauka a kan burtali ko mashayar shanu, sawun kofato da kashin shanu za su nuna muku. Kada kuma a tattake shukar da manoma ke yi a inda ruwa ya janye.

A share wurin tas da adda da tsintsiya, a kawar da duwatsu da busassun itace, amma da sanda ake juya su tukuna, ba da hannu ba, saboda kunama da maciji. Ƙasar duwatsu ce, kububuwa da kasa ba baƙi ba ne a irin wannan wuri. Da dare ba a taka ko'ina sai da tocila da takalmi, da safe kuma a zazzage takalmin kafin a sa ƙafa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko agogo, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Don haka ne ake ajiye mota tana fuskantar hanyar fita, makulli kuma a inda kowa ya sani.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai a juya ƙofar tanti ta kalli kudu maso yamma. A haƙa ɗan rami don wuta, a kewaye shi da duwatsu, a share ciyawar da ke kusa. Ga gargaɗin da nake so a riƙe da hannu biyu: komai tsananin sanyi, ba a shigar da garwashi cikin tanti ko cikin mota a rufe. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Sanyi bargo ne maganinsa.

Wurin bahaya a yi shi can nesa da ruwa, a haƙa rami, a rufe da ƙasa bayan an gama.

Harhaɗa fatsa

Ba sai ka sayi sandar zamani mai na'urar naɗi ba. Doguwar gora mai laushin kai, tsawon mita 3 zuwa 4, ta isa kamun karfasa. Tarwaɗa da ragon ruwa kuwa da zaren hannu ma ana kama su, a naɗe shi jikin gwangwani ko guntun katako. Mai sandar zamani zai fi jifa nesa, iyakar fifikonsa ke nan a kan mai gora.

Haɗi biyu za ka yi. Na farko na sama, don karfasa: siririn zaren roba mai ɗaukar kamar kilo 3 zuwa 4, ƙaramar ƙugiya domin bakinta ƙarami ne, ɗan ƙwayar dalma tazarar taƙi guda sama da ƙugiyar, sai totuwar kara ko guntun soson silifa da zai yi yawo a saman ruwa ya zama alama. Ka yi shi yadda za ka iya matsar da shi sama ko ƙasa. Na biyu na ƙasa, don tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu: zare mai kauri, kilo 10 ko fiye, ƙugiya babba, da dalma mai huda wadda zare ke zarcewa ta cikinta. Ka ɗaura ɗan abin tokare ƙasa da dalmar, ka bar kamar kamu ɗaya na zare tsakaninsa da ƙugiya. Hikimar ita ce in kifi ya ɗauki abinci ya ja, zaren zai biyo shi ba tare da ya ji nauyin dalma ya tofar ba.

Ƙulli shi ne inda mafi yawan kifi ke kuɓucewa. Ka zura zare ta idon ƙugiya, ka naɗe bakinsa a jikin doguwar igiyar sau biyar ko shida, ka dawo da shi ta ƙaramar kafar da ke dab da idon, sannan ka sake zura shi ta babbar kafar da ka buɗe yanzu. Ka jiƙa da yawu kafin ka ja, don zafin gogayya yana raunana roba. Ka ja a hankali har ya zauna, ka datse saura. In ƙugiyar marar ido ce, irin mai faffaɗan kai, ka miƙa wa masuncin ya ɗaura kana kallo. Ka zo da ƙugiyoyi da dalma fiye da yadda kake tsammani, kututturan ƙasa za su ci rabonsu.

Abin da ake sa wa ƙugiya

Tana ita ce uwa, kusan kowane kifi na cinta. Da rani tana wuyar samu, sai ka haƙo ta tun daga gida a bakin rijiya ko lambu, ka zuba a gwangwani da danshin ƙasa, ka ajiye a inuwa. Karfasa tana son gara, da ƙullin fulawa ko tuwo da aka murza da garin ƙuli-ƙuli. Tarwaɗa da hanci take farauta, don haka abu mai ƙarni ake ba ta: hanjin kaza, hanta, ko yankan ƙaramin kifi. Ragon ruwa ya fi son ƙaramin kifi sabo. Fara ma tana aiki in an samu.

Akwai dabarar da ke raba mai komawa da kifi da mai komawa da labari, ita ce kiran kifi. Ka kwaɓa dusa da garin ƙuli-ƙuli da laka, ka dunƙula kamar guda biyar, ka jefa su wuri ɗaya tun da yamma, ka ƙara kaɗan da asuba. Lakar ce ke kai dusar ƙasa ta riƙa sakinta sannu a hankali. Kada ka cika, so ake su taru, ba su ƙoshi ba.

Inda za ka jefa, da yaushe

Babban ruwa ba ko'ina ne ke da kifi ba. Ka nemi inda abu biyu suka haɗu: bakin ciyawa da buɗaɗɗen ruwa, gindin dutse, gefen kututture, bakin rafin da ke shigowa dam, ko inda tudu ya gangara zurfi farat ɗaya. Gaɓar da iska ke turo ruwa gare ta takan fi, domin nan abinci ke taruwa. Ka kalli tsuntsaye masu cin kifi, inda suke shawagi akwai ƙananan kifi, manya kuma na biye da su.

Lokaci biyu ne na gaske: daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, sai daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Tarwaɗa da ragon ruwa sun fi fitowa bayan duhu ya shiga. Tsakar rana ta hutawa ce da gyaran kaya.

In karfasa kake nema, ka fara auna zurfi, ka saita alamar yadda ƙugiya za ta tsaya kaɗan sama da ƙasa. Ka zauna, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada a yi ta buga ƙafa da hayaniya. Za ka ga alamar tana rawa, wannan ɗanɗano ne kawai, ka ƙyale. Sai ta nutse ko ta kama tafiya gefe guda, sannan ka ɗaga da wuyan hannu, ba fizga da dukan ƙarfi ba. In rabin sa'a ta wuce shiru, ka sauya zurfi. In an sake rabin sa'a, ka sauya wuri.

Na ƙasa kuwa, ka jefa, ka bari dalma ta zauna, ka ja zare ya ɗan miƙe, ka kafa sandar a kan reshe mai baki biyu. Da dare ka rataya ɗan gwangwani da tsakuwa a ciki don ya yi ƙara. In kifi ya ja, ka ba shi daƙiƙa kaɗan ya haɗiya kafin ka ɗaga. Babba in ya kamu kada ka yi kokawa da shi. Ka riƙe zare a miƙe, in ya ja ka sassauta, in ya tsaya ka jawo, har ya gaji, ka dai hana shi shiga cikin itace. Kada ka taɓa naɗe zaren roba a yatsa ko a hannu, babbar tarwaɗa na iya sa ya yanka har tsoka. Giwan ruwa akwai ta, amma samunta daga gaɓa sa'a ce. Mai nemanta da gaske sai ya shiga jirgi da wanda ya san zurfafan wurare.

Wajen cire ƙugiya a yi hattara. Ƙurungu da ragon ruwa da tarwaɗa suna da ƙaya a gefe, ta ƙurungu har da ta baya, kuma takan kafe ta ƙi kwanciya. A kama kifin ta bayan ƙayoyin da tsumma, a cire ƙugiya da filaya. Wanda ƙaya ta soka ya wanke wurin, ya tsoma cikin ruwa mai zafin da zai iya jurewa, zugin zai ragu. In ƙugiya ce ta shige yatsa har ta wuce maƙogwaronta, kada a fizge, a yanke zaren a tafi wurin ma'aikacin lafiya, a tambayi allurar tetanus.

Ƙananan kifi a mayar da su. Haka karfasar da ka buɗe bakinta ka ga ƙwai ko 'ya'ya, domin a baki uwar take renonsu. Zuba guba irin su gamalin, ko jefa abin fashewa, ko jan gidan sauro a ruwa, ɓarna ce da ke kashe abincin dubban gidaje, kuma guba da abin fashewa dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su. In ka ga mai yi, ka sanar da Sarkin Ruwa.

In za a shiga kwale-kwale

Rigar kariya daga nutsewa ita ce sharaɗi, a sa ta a ɗaure, ba a ajiye ta gefe ba. In babu, ka saya ka zo da ita daga birni. Kanawa ba su manta da jirgin da ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, da yaran da aka rasa a cikinsa. Iya ruwa a rafi dabam, iya shi a tsakiyar Tiga da kaya a jiki dabam. A bar mai jirgi ya faɗi adadin da zai ɗauka, kada a roƙe shi ƙari. A zauna a tsakiya, ba a miƙewa tsaye don jifa, ba a taruwa gefe guda don kallon kifi. A fita da sassafe lokacin da ruwa ke kwance, a dawo kafin iska ta tashi. In aka ji tsawa ko daga nesa ne, a ajiye sanduna a nufi gaɓa.

Gyaran kifi

Zafi ba ya jira. Kifin da za a ci a wurin a fasa cikinsa da wuri, a cire hanji da jan abin da ke cikin kumatunsa, a wanke da ruwan jarka. Santsin tarwaɗa toka ko ruwan zafi ko lemon tsami ke fitar da shi. Karfasa a tsattsaga gefenta, a shafa gishiri da yaji da mai, a ɗora kan garwashin da ya daina hayaƙi. Tarwaɗa da ragon ruwa farfesu ya fi karɓarsu, balle a daren sanyi. A tabbata ya dahu har ciki.

Wanda za a kai gida, in akwai kula da ƙanƙara sai a jera, ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara a sama, a riƙa tsiyaye ruwan da ya narke. In babu, a ba matan da ke banda a gaɓar su yi muku, a biya su. Sun fi ku iyawa nesa ba kusa ba. Hanji da ƙaya a binne su nesa da masauki saboda karnuka da tururuwa.

Ruwan da ba a wanka da shi, da komawa gida

Dalilin jarkokin nan shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ciyawar bakin ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba. Ba sai an sha ruwan ba, tsayawa a ciki ma ya isa. Saboda haka a rage shiga ruwa, wanda dole ya shiga ya sa dogon takalmin roba, yara kuma a hana su iyo. In ruwan jarka ya ƙare, a tafasa na dam, a bari ya huce, sannan a yi wanka ko alwala da shi. Na sha kuwa tafasawa dole ce.

Ranar tashi a kashe wuta da ruwa har toka ta yi sanyi a hannu. A tsince leda da gwangwani, musamman guntayen zaren roba da ƙugiyoyi, don suna sarƙe ƙafar tsuntsu da ta dabba, yaran masunta kuma ba takalmi suke yawo. A koma a yi wa mai gari da Sarkin Ruwa sallama, in an samu kifi a ajiye musu nasu.

Bayan an dawo, duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako ɗaya zuwa biyu ya je a gwada jininsa don maleriya, kada ya tsaya shan magani da ka. Wanda kuma ya shiga ruwan, in bayan wasu makonni ya ga jini a fitsari, ko ciwon mara, ko zazzaɓi da ƙaiƙayin jiki, ya gaya wa likita cewa ya je dam. Gwajin fitsari da na bahaya ne ke nuna tsargiya, maganinta kuma praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum.